Wa Ya Ƙirga Shekarun? Muhawara Kan Awon Tsoffin Ƙasusuwa

Duk sanda rediyo ya kawo labarin cewa masana sun tono ƙoƙon kai a Chadi ko Habasha, sun kuma ce ya shekara miliyan kaza a cikin ƙasa, tambaya ɗaya ce ke fara fitowa a majalisun Kura da Bunkure da Garun Malam: wa ya ƙirga? Dattijo zai dubi ɗalibin da ke ƙoƙarin bayani ya ce, "Ɗan nan, kana wurin aka binne shi?" Ɗalibin kuma sau da yawa iyakar abin da ke bakinsa shi ne, "Baba, haka aka rubuta a littafi." A nan magana ke mutuwa, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi.

Tambayar dattijon tana kan hanya. Ita ya kamata a yi wa duk wanda ya zo da lamba mai tarin sifili. Amsar ɗalibin ce ta gaza, alhali akwai wadda ta fi ta, kuma misalanta na nan kusa da mu, a gindin Dala, a Dufuna ta jihar Yobe, a Nok ta kudancin Kaduna, a Gobero ta hamadar Nijar. Jama'a sun kasu biyu a kan lamarin. Wasu na ganin shekarun nan ƙiyasi ne da aka sa wa rigar ilimi. Wasu na ganin awo ne da kowa zai iya maimaitawa ya bincika. Kowane ɓangare na da abin riƙewa, kuma sai an san yadda ake awon kafin a iya auna maganarsu.

Yadda ake awon

Matakin farko ba ya buƙatar na'ura. Duk mai haƙar rijiya a ƙasar Kura ya san ƙasa hawa-hawa take. Dagi zai fara ratsa ƙasar noma mai duhu, cike da saiwoyi da guntayen leda. Ƙasa da ita sai jar ƙasa, inda a kufai akan ci karo da tsingaro da gawayi da kashin maƙera. Daga nan sai marmara mai sa dagi tartsatsi, sannan ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalƙyali da ke marmashewa a hannu, inda ruwa kan fara tsattsafowa. A ƙarshe sai dutse tsantsa wanda ba ya haƙuwa. A inda ruwa ko iska suka jibge ƙasa a hankali, ba kuma wanda ya taɓa ta, abin da ke ƙasa ya riga na sama kwanciya. Nicolas Steno ya rubuta wannan ƙa'ida a 1669, amma tun ƙarni shida kafin shi Abu Raihan al-Biruni ya lura da katantanwa da ƙumba da ake fitarwa in ana haƙar rijiya a saharar Larabawa, ya ce wurin teku ne a da.

Irin wannan shaida na nan a ƙasar Hausa. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato cike take da burbushin halittun teku, kuma a yankin aka sami ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, saboda garin Goronyo. Dutsen da ke ƙarƙashin Kura kuwa zafi ne ya samar da shi a can cikin ƙasa, don haka ba ya riƙe burbushin halitta. Abin da ƙasarmu ke adanawa shi ne sawun mutanen da suka riga mu: tukwane, murhu, matoyar tama, kaburbura.

Hawa-hawan ƙasa na nuna wanda ya riga wani, amma ba ya ba da lamba. Lamba na fitowa ne daga wasu sinadarai da ke rikiɗa da kansu bisa gudu tsayayye. Wanda ya fi shahara shi ne kabon-14, wanda Willard Libby na Jami'ar Chicago ya fitar da hanyar awo da shi a 1949, har ya sami kyautar Nobel a 1960. Tsiro na shaƙar wannan sinadari daga iska, dabba ta ci tsiro, mutum ya ci duka biyun. Ranar da rai ya fita shigarsa ta tsaya, wanda ke jiki ya fara raguwa. Bayan shekara 5,730 rabi ya tafi. Bayan 11,460 saura rubu'i. In aka kai shekara 50,000, abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 400 ba, daga nan kuma awon ba shi da amfani. Saboda haka duk wanda ya ce da kabon-14 aka gane shekara miliyan, bai fahimci zancen ba.

Abin da ya kai miliyoyin shekaru da wata hanya ake auna shi, kuma galibi ba ƙashin ake aunawa ba, abin da ya lulluɓe shi ne. A gabashin Afirka duwatsu masu aman wuta sun sha watsa toka a kan ƙasa. A cikin ƙwayoyin tokar akwai fotasiyam-40, mai rikiɗa zuwa iskar agon, wanda sai ya shekara biliyan 1.25 kafin rabinsa ya tafi. Zafin aman wuta na korar tsohon agon, sai lissafi ya fara daga sifili ranar da tokar ta huce. In ƙashi na kwance tsakanin toka biyu, shekarunsa na tsakanin nasu. Haka aka auna ƙwarangwal ɗin nan da ake kira Lucy, wadda Donald Johanson ya samu a Hadar ta Habasha a 1974, aka sami kimanin shekara miliyan 3.2. Tukunya ko dutsen da aka taɓa gasawa kuwa, ana zafafa shi a ɗakin gwaji a auna ɗan hasken da ya tara tun rabonsa da wuta. Ana kuma duba maganaɗisun da ya daskare a cikin duwatsu, domin arewa da kudu na maganaɗisun duniya sun sha musanya wuri, na ƙarshe kimanin shekara 780,000 da suka wuce.

Hujjojin masu shakka

Hujjar farko, kuma mafi saurin kama zuciya, ita ce lambobin ba sa zama wuri ɗaya. Ƙoƙon kan da masu haƙar ma'adinai suka samu a Jebel Irhoud ta Maroko a 1961, da farko an ce shekararsa 40,000. A 2007 aka ce 160,000. A 2017 aka ce wajen 300,000. Ƙasusuwan Omo Kibish na Habasha, da aka samu a 1967, sun tashi daga 130,000 zuwa 195,000 a 2005, sannan zuwa aƙalla 230,000 a 2022. A Koobi Fora ta Kenya, wata shimfiɗar toka da aka ce ta shekara miliyan 2.6 ta jawo gardamar shekara goma kafin a dawo da ita miliyan 1.9. Mai shakka yana da ikon cewa: wanda ya faɗa mini magana uku a kan abu ɗaya, don me zan riƙe ta ukun?

Hujja ta biyu ita ce an taɓa yin ƙarya ƙiri-ƙiri. A 1912 aka bayyana wani ƙoƙon kai a Piltdown ta Ingila a matsayin tsohon kakan ɗan Adam. Sai a 1953 aka tabbatar cewa kan mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin wani babban biri na Asiya, aka goge haƙoran da zarto, aka rina ƙashin don ya yi kama da tsoho. Shekara 41 manyan masana na kafa hujja da shi. Ɗan Afirka kuma yana da ƙarin dalilin taka-tsantsan. Da sunan ilimi aka taɓa auna kawunan kakanninsa don a nuna yana ƙasa da Bature. Da Leo Frobenius ya ga mutum-mutumin kawuna na Ife a 1910, cewa ya yi ba aikin mutanen wurin ba ne, na wasu baƙi ne daga wata ɓatacciyar daula. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu.

Hujja ta uku ta shafi awon kansa. Yawan kabon-14 a cikin iska bai tsaya daidai ba a kowane zamani. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya a sararin sama, a shekarun 1950 zuwa farkon 1960, sun kusan ninka shi. Ƙashin mutumin da ya rayu a kan kifi na iya nuna shekarun da suka fi na gaskiya, saboda tsohon kabon da ke cikin ruwa. Saiwar bishiya na iya kutsawa cikin gawayi ta sa shi ya zama kamar sabo. Ita kanta ƙasa ba kullum take zama yadda ta kwanta ba: gara na juya ta, ambaliya na kwashe ta, mai gina kabari na ratsa ta. Mutanen Kura sun fi kowa sanin wannan. Da aka gama madatsar Tiga a 1974 aka shiga shimfiɗa aikin noman rani, katafila ta yanke tudu ta cike kwari don ruwan kanal ya bi fili daidai. Tsingaron da manomi zai tsinta yau a fadamar shinkafa a Kadawa, mai yiwuwa daga wani tudu mai nisa aka turo shi. Zurfin da aka same shi ba ya nuna komai.

Ko a kan tsohon kwalekwalen da aka tono a Dufuna, abin alfaharinmu, mai shakka na da abin cewa. Ɗakunan gwaji biyu a Jamus, na Kiel da na Köln, sun auna itacensa. Ɗaya ya ba da shekara 7,670, ɗayan 7,264, kafin a daidaita lissafin. Tazarar shekara 400 ke nan a kan itace guda.

Hujja ta huɗu ita ce ƙashi kaɗan, labari mai yawa. A watan Yulin 2001, wani matashin masani ɗan Chadi, Ahounta Djimdoumalbaye, cikin ayarin Michel Brunet, ya tsinci ƙoƙon kan da aka sa wa suna Tumai a hamadar Jurab. Aka ce ya kai shekara miliyan 7, kuma yana cikin mafi tsufa a zuriyar da ta kai ga mutum. Tun a 2002 wasu masana, cikinsu har da Milford Wolpoff da Brigitte Senut, suka ce biri ne kawai. Wani ƙashin cinya da aka samu a wurin ya sake raba kawuna: a 2020 wasu suka ce mai shi ba ya tafiya a tsaye, a 2022 wasu suka ce yana yi. Ba kuma tokar aman wuta da za a iya aunawa da agon a wurin, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka jagoranci aikin a filin, Alain Beauvilain, ya ce a saman rairayi aka tsinci kan, iska ta riga ta tone shi. Duk da haka mujallu suka zana masa fuska da gashi da kallo, kamar wani ya taɓa ganinsa.

Amsar masu amincewa

Masu amincewa ba sa musun ko ɗaya daga cikin abubuwan nan. Abin da suke cewa shi ne a dubi yadda aka gwada awon, da kuma wanda ya kama kurakuran.

Da farko, an gwada hanyoyin a kan abubuwan da aka riga aka san shekarunsu. Libby ya fara ne da itatuwan kaburburan sarakunan Masar, waɗanda tarihi ya riga ya ƙayyade zamaninsu, kuma awonsa ya zo kusa. Bayan haka aka koma ga zoben da bishiyoyin ƙasashen sanyi ke ƙarawa a kututturensu, ɗaya kowace shekara. An jera su, sabo a kan tsoho, har aka sami silsila ta fiye da shekara 12,000 wadda ake ƙirgawa da ido. Aka auna kabon-14 na zoben, aka ga inda awo ya karkace, aka yi jadawalin gyara. Hawa da saukar sinadarin a cikin iska, wanda mai shakka ke kafa hujja da shi, an auna shi an shigar da shi cikin lissafi. Awon agon ma an gwada shi haka. Dutsen Vesuvius na Italiya ya yi aman da ya binne birnin Pompeii a shekara ta 79 Miladiyya, kuma waɗanda suka gani sun rubuta. A 1997 masana a Berkeley suka auna tokarsa suka sami shekara 1,925, da yiwuwar kuskuren 94 sama ko ƙasa. Lissafin gaskiya 1,918 ne.

Na biyu, alƙali ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya, kuma shaidun da suka fi ƙarfi su ne waɗanda ba su san juna ba. Haka awon nan yake. Shekarun Lucy ba a kan agon kaɗai suka tsaya ba. Maganaɗisun duwatsun wurin da nau'in dabbobin da aka samu tare da ita duk sun nuna zamani ɗaya, alhali ba abin da ya haɗa hanyoyin uku. A Gobero, cikin hamadar Tenere, ayarin Paul Sereno na neman ƙasusuwan dinoso a 2000 suka faɗa kan maƙabarta mai kaburbura wajen 200. An auna ƙasusuwa da haƙora da kabon-14, aka auna rairayin tudun da wata hanya daban, sakamakon ya dace. Ya nuna al'umma biyu: ta farko daga kimanin shekara 9,700 zuwa 8,200 da suka wuce, sai fari na wajen shekara dubu ya kore kowa, sannan ta biyu ta zo da ruwa ya dawo. A inda yau ko ciyawa babu, an sami ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, da ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi. An sami kabarin wata mata da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe, da wata yarinya sanye da awarwaron haƙorin dorina a damtse.

Tazarar Dufuna ma, in aka dube ta da kyau, ba ta rushe komai ba. Bishiyar da za a sassaƙa kwalekwale mai tsawon mita 8.4 daga jikinta ta daɗe a raye, kuma cikinta ya girmi bayanta. Abin lura shi ne ɗakunan biyu duk sun ga kusan kashi 40 cikin 100 ne ya rage na kabon-14, wato bayan gyara wajen shekara 8,000 ko ɗan fiye. Ba wanda ya ce 800, ba wanda ya ce 80,000. Wani makiyayi ne ya ci karo da kwalekwalen a 1987 yana haƙar rijiya kusa da kogin Komadugu Gana, a zurfin mita 5, kuma Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri da Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt suka yi cikakken tono a 1994. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka.

Na uku, kowane kuskure da mai shakka ya lissafa, masana ne suka tono shi da irin kayan aikin da ake zargi. Ƙaryar Piltdown ta fara warwarewa ne da Kenneth Oakley ya auna sinadarin da ƙashi ke tsotsa daga ƙasa, ya ga bai daɗe a binne ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma awo ne ya ƙure shi. A Koobi Fora, Basil Cooke ne ya nuna cewa haƙoran aladun daji da ke wurin ba su dace da miliyan 2.6 ba, har aka sake awo a wasu ɗakunan gwaji. Jebel Irhoud kuwa, lambar farko hasashe ce, domin masu haƙar ma'adinai sun riga sun hargitsa wurin. Sai da Jean-Jacques Hublin da Abdelouahed Ben-Ncer suka koma daga 2004, suka sami sabbin ƙasusuwa kwance a mazauninsu tare da duwatsun ƙyastu da wuta ta taɓa, sannan aka sami abin aunawa na haƙiƙa. Lambar ta sauya ne saboda hujja ta ƙaru.

Na huɗu, wannan awon da ake yi wa kallon kayan Turawa shi ne ya wanke Afirka daga ƙazafin cewa ba ta da tarihi. Masu haƙar kuza ne suka fara fito da mutum-mutumin yumɓu a Nok a 1928, kuma Bernard Fagg ya gane darajarsu a shekarun 1940. Binciken da Jami'ar Frankfurt da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa suka fara a 2005 ya auna ƙwayoyin gero da suka ƙone a mazaunan mutanen, ya nuna sun fara zama wurin wajen shekara 3,500 da suka wuce, suna noma gero da wake. Tagullar Igbo-Ukwu, da Thurstan Shaw ya tono, awo ya kai ta wajen ƙarni na 9, tun kafin jirgin Bature ya taɓa gaɓar tekunmu. A Dala, gawayin matoyar tama ya nuna ƙarni na 7, wato ƙarni uku kafin 999, shekarar da aka saba lissafa zuwan Bagauda. Wannan ya yi daidai da abin da Kanawa ke faɗa tun da can, cewa maƙera ne suka fara zama gindin dutsen don neman tama. Cheikh Anta Diop ya fahimci ƙarfin wannan makami, shi ya sa ya kafa ɗakin awon kabon-14 a Dakar a shekarun 1960.

Inda addini ya shigo

A ƙasarmu, abin da ke ƙarƙashin gardamar sau da yawa ba lissafi ba ne, tsoro ne kada a taɓa imani. Ya kamata a raba abu biyu a nan. Alƙur'ani mai girma bai ƙayyade adadin shekarun duniya ba, bai kuma faɗi shekara nawa ke tsakaninmu da Annabi Adamu (AS) ba. Lissafin shekara dubu shida ko bakwai da ke yawo a wasu littattafan tarihi ya shigo ne daga ruwayoyin Ahlul Kitabi, kuma Ibn Hazm na Andalus ya ƙi amincewa da ƙayyade wani adadi tun a ƙarni na 11. Shekarar 4004 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da aka daɗe ana bugawa a Turai a matsayin farkon duniya, lissafin wani limamin coci ne a Ailan, James Ussher, a 1650. Saboda haka Musulmi ba ya asarar komai in aka ce kwalekwale ya shekara 8,000 ko dutse ya shekara miliyan 600.

Maganar nasaba ita ce daban. Mafi yawan masana kimiyyar halittu sun tafi a kan cewa jikin mutum da na manyan birai tushensu ɗaya, kuma suna kafa hujja da ƙwayoyin gado, ba ƙashi kaɗai ba. Musulmi kuwa ya yi imani da halittar Annabi Adamu yadda wahayi ya zo da ita. Wannan muhawara ce mai zaman kanta, ta malaman da suka san fannonin biyu. Abin da bai dace ba shi ne a ƙaryata shekarun ƙashi don gudun waccan maganar. Halittar da ta rayu shekara miliyan 3 da suka wuce ta rayu, ko me aka kira ta, kuma sanin lokacinta ba ya yanke hukunci a kan ruhi.

Inda ma'auni ya rinjaya

In aka ɗora hujjojin nan gefe da gefe, ina ganin masu amincewa sun fi ƙarfi a kan awo, masu shakka kuma sun fi gaskiya a kan labarin da ake ɗorawa bisa awon. Shekarun da aka samu ta hanyoyi biyu ko uku masu zaman kansu, daga abin da aka tono a mazauninsa, aka kuma faɗi iyakar kuskurensu, sun cancanci a karɓe su: Lucy, Gobero, Dufuna, Nok. Waɗanda suka dogara da hanya ɗaya, ko abin da aka tsinta a saman ƙasa, a riƙe su da sassauci. Tumai na tsakiya: dabbobin da ke wurin sun nuna miliyan 6 zuwa 7, awon sinadarin beriliyam a 2008 ya nuna wajen miliyan 7, amma tambayar ainihin inda kan ya kwanta tana nan. Cewa wane kakan wane ne, ko yana tafiya a tsaye, ko fuskarsa kaza take, wannan fassara ce, su kansu masanan ba su gama daidaitawa a kai ba. Ƙasusuwan Homo naledi da aka samu a wani kogo a Afirka ta Kudu a 2013 darasi ne: siffarsu ta sa wasu sun zaci sun kai shekara miliyan 2, amma da aka auna a 2017 sai ga shekarunsu tsakanin 236,000 ne da 335,000. Ido ya yi kuskure, awo ya gyara.

Don haka tambayar da ta fi "wa ya ƙirga" amfani ita ce: da me aka auna, a ina aka sami abin, hanya nawa suka dace, kuma kuskuren nawa ne? Wanda ya iya amsa waɗannan a saurare shi. Wanda ya kasa, ko farfesa ne, a jira.

Akwai kuma nauyin da ke kanmu. Duk misalan nan sun nuna abu ɗaya: darajar abin tarihi na tare da mazauninsa. Masu haƙar ɓoye sun hargitsa mafi yawan wuraren Nok don sayar wa dillalan Turai, kuma mutum-mutumin da aka fizge daga ƙasarsa ya rabu da gawayi da geron da za su faɗi zamaninsa. Manoma da masu haƙar rijiya da masu haƙar ma'adinai da masu ɗiban ƙasar bulo su ne ke fara gani, kamar yadda aka yi a Dufuna da Nok. Wanda ya ci karo da tukwane a jere, ko matoya, ko ƙasusuwa a zurfin da ba a saba ba, abin da ya fi shi ne ya dakata, kada ya wanke ko ya kwashe, ya ɗauki hoto da waya, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, a kai magana Gidan Makama a Kano ko sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta tanadi haka.

Ƙorafin cewa samfuranmu Turai ake kai su a auna gaskiya ne, kuma maganinsa a hannunmu yake. Zariya na da cibiyar binciken makamashi mai ƙaramar na'urar nukiliya da ke aiki tun 2004, wato ilimin da awon nan ya ginu a kansa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Jihohin da suka iya gina Tiga da Challawa ba za su kasa kafa ɗakin awon shekaru guda ɗaya ba, da ɗaukar nauyin 'ya'yansu su ƙware a kai. Shakkar da ta tsaya a baki ba ta ƙara mana komai. Wadda ta sa muka auna da hannunmu, muka tabbatar ko muka ƙaryata, ita ce za ta ba mu ikon magana a kan tarihin ƙasar da muke nomawa.